Ba ni da kare, amma ina so in taimaka wajen horar da karnukan ceto: mene ne aikin mai ɓuya?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nema da ceto, musamman masu aiki da karnuka. Kwanakin baya na ga sanarwar wata ƙungiyar 'yan sa kai tana neman mutanen da za su riƙa halartar atisayenta na ƙarshen mako domin su ɓuya a daji, karnuka su neme su. Da farko na ɗauka raha ce, domin ban ga yadda babban mutum zai bar gidansa da asuba ya je ya kwanta a gindin itace, a kuma kira wannan taimako ba. Amma da na kira lambar da aka bayar, matar da ta amsa ta shaida mini cewa suna da karnuka, suna da masu riƙe su, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne baƙin mutane waɗanda karnukan ba su taɓa shinshinawa ba.

Shekaruna 34, ina da ƙoshin lafiya, kuma ina iya doguwar tafiya a ƙasa ba tare da na galabaita ba. Sai dai ban taɓa kiwon kare ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, idan babban kare ya tunkaro ni a guje gabana yana faɗuwa. Abin da nake son sani shi ne ainihin abin da mai ɓuya yake yi tun daga isowarsa har zuwa tashi, da ko rashin sanin halin kare zai sa in ɓata musu horon da suka daɗe suna ginawa. Ina kuma son sanin haɗarin da ke ciki, da kayan da ya kamata in tafi da su. Daga ƙarshe, idan mutum ya daɗe yana wannan hidima, shin hanya ce ta zama mai riƙe kare shi ma, ko kuwa fannoni ne biyu da ba su haɗu ba? Na gode.

Dattijo Mai Usur ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Matar da ta amsa maka waya gaskiya ta faɗa, kuma zan bayyana maka dalili, domin idan ka fahimci dalilin sauran bayani zai zo maka da sauƙi. Yanzu ina kan karena na uku a wannan aiki, kuma duk ukun masu ɓuya ne suka yi rabin horonsu.

Jikin ɗan Adam yana zubar da ɓarɓashin fata ba dare ba rana, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ga gumi ga numfashi, kuma duk wannan yana tashi a iska da wari wanda ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari da suka kai miliyan 200 zuwa 300 gwargwadon irinsa, alhali na mutum bai wuce miliyan 5 ko 6 ba. Saboda haka babu wanda yake koya wa kare jin wari, da shi aka haife shi. Abin da muke koya masa abu uku ne: cewa warin mutum ya fi warin zomo da gada daraja, cewa kada ya fasa nema don ya gaji ko ƙaya ta soke shi, da kuma yadda zai sanar da ubangidansa idan ya samu. To kare yana koyon abin da aka maimaita masa ne, ko da kuwa ba shi muke nufi ba. Idan mutum biyar ɗin nan na ƙungiya ne kullum suke ɓuya, zai kammala a ransa cewa aikinsa nemo waɗannan biyar ne, kuma ranar da aka kira mu neman tsohon da ya ɓace zai iya isa kansa, ya shinshine shi, ya wuce abinsa. Shi ya sa muke neman maza da mata, tsofaffi da matasa, masu kauri da sirara, wani a kwance, wani a zaune, wani a kan reshe, wani lulluɓe da bargo.

Karnukan da za ka haɗu da su a daji iri biyu ne, kuma aikinka a wurin kowanne daban ne. Na farko shi ne mai neman wari a iska. Shi sakinsa ake yi ba igiya, galibi da ƙararrawa a wuya da riga mai ɗaukar ido, sai ya riƙa ratsa iska hagu da dama, hancinsa a sama, har ya ci karo da warin mutum. Warin yana fita daga jikinka a tsuke, yana faɗi yayin da iska ke tafiya da shi, kamar hayaƙin da ya tashi daga ƙaramar wuta, don haka idan kare ya shiga ta bakin mai faɗi sai ya riƙa kai da komo yana matsowa har ya iso tushe. Irin wannan kare yawanci kowane mutum ya samu a yankin ya samu, ba ya zaɓe. Idan shi za ka ɓuya wa, za a zagaya da kai ta wata hanya dabam domin kada ya bi sawunka, a bar ka ka zauna kamar rabin sa'a kafin a sake shi, don warinka ya samu ya bazu. Na biyu shi ne mai bin sawu, wanda ake riƙe shi da doguwar igiya, a ba shi wani abu da ya taɓa jikinka ya shinshina, misali safa ko hula, sannan ya bi hanyar da ka bi kai kaɗai, ko da mutum ɗari sun ratsa ta bayanka. A nan za a ce ka sa kayan a jakar leda mai tsabta da hannunka, kada kowa ya taɓa, ka yi tafiyarka ta hanyar da aka zana maka. Wani lokaci mota za ta ɗauke ka a ƙarshen hanyar da gilasai a rufe, a mayar da kai can bayan sa'o'i masu yawa ko ma washegari, domin kare ya saba da sawun da ya kwana.

Ɗan kwikwiyo kuwa da wasa ake fara masa. Ubangidansa zai riƙe shi, kai kuma ka kaɗa masa abin wasansa a fuska har ya ƙagu, ka ruga ka faɗa bayan wani kurmi yana kallonka, a sake shi ya same ka, ka yi ta wasa da shi. Bayan makonni sai a juya masa baya lokacin da kake gudu, daga nan a daina nuna masa kai gaba ɗaya, a ƙara nisa, a ƙara lokaci, a kai shi dare, a kai shi cikin ruwan sama. Kafin kare ya ci jarrabawar fita aikin gaske yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani ma ya fi haka, wani kuma a cire shi a hanya.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Kare bai san yana ceton rai ba. A wurinsa duk wannan wahala hanya ce ta isa ga ƙwallonsa ko igiyar ja-in-ja, kuma a atisaye abin yana hannunka, ba hannun ubangidansa ba. Lokacin da ka fito da shi, da irin murnar da ka nuna, su ne suke gaya wa kare ko ya yi daidai. Idan ka makara da daƙiƙa biyar zai ɗauka ladan na wani abin ne da ya yi bayan nan, idan ka yi gaggawa kuma ka koya masa cewa ba sai ya kammala ba. Na ga kare mai hazaƙa ya yi sanyi cikin wata biyu saboda masu ɓuya da ke miƙa masa ƙwallo kamar masu biyan bashi. Rashin sanin kare ba aibi ba ne, domin wanda bai sani ba yana bin umarni. Wanda yake ba mu wahala shi ne mai kare a gida da ya zo da nasa ilimin.

Uwar Tagwaye ta amsa:

Baba Mai Usur ya yi bayanin ɓangaren kare, ni kuma bari in gaya wa ɗan'uwana yadda abin yake ga wanda ke kwance a ƙasa, domin shekara uku ke nan ina ɓuya, kuma har yau ba ni da kare, ba na kuma neman in samu.

Abu na farko da ba a faɗa a sanarwa shi ne yawan jira. Kana iya kwanciya minti ashirin, kana iya kwanciya sa'a uku, kuma ba ka da izinin tashi ka miƙe ƙafa ko ka sauya wuri don ka ga wata inuwa ta fi, domin duk motsin da ka yi kana barin wari a sabon wuri, kare ya ruɗe a kan abin da ba laifinsa ba. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda mutum yake zato, ko da ranar ba ta da sanyi, saboda haka shimfiɗa mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa ita ce ta farko a jakata. Sai ruwan sha, da rigar ruwa, da dogon wando da takalmi mai rufe idon sawu, da tocila, da usur, da waya cike da caji amma an kashe ƙararta. Tufafin su zama masu duhun launi, domin ana so kare ya same ka da hanci, kada ubangidansa ya riga shi hango ka. Ƙungiyar kirki za ta ba ka rediyon oba-oba, ta rubuta inda aka ajiye ka a taswira, ta kuma gaya maka ƙarfe nawa za a zo a ɗauke ka ko kare ya samu ko bai samu ba. Idan ka je wurin da ba a yin waɗannan abubuwa uku, ka yi musu sallama ka koma gida. Kafin ka kwanta ka duba wurin da sanda saboda maciji da kunama da gidan tururuwa, idan ka koma gida kuma ka bincika jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa da hammata da gefen gashi.

Game da tsoro, ni ma da shi na fara. Ranar farko ina kwance cikin sarƙaƙiya na ji ƙararrawa tana matsowa, na ji numfashi, kafin in ankara ga ƙaton kai a kan fuskata. Abin da ya kwantar mini da hankali daga baya shi ne na lura idonsa ba a kaina yake ba, a kan hannuna yake, inda ya san ƙwallonsa take. Karen da ke da halin cizo ba ya daɗewa a wannan aiki, tun da wuri ake sallamarsa, domin wanda zai samu a ranar gaske yana iya zama yaro ɗan shekara huɗu.

Zan ba ka labarin kuskurena domin kada ka maimaita. Akwai wata ƙaramar karya da ake koya wa ta tsaya a kan wanda ta samu ta yi ta haushi har ubangidanta ya iso. An gaya mini kada in fito da abin wasa sai ta yi haushi sau goma a jere. Ta iso a gajiye, harshe a waje, ta yi haushi biyu ta zuba mini ido, ni kuma tausayi ya kama ni na miƙa mata. Mako na gaba ta yi wa wani mai ɓuya haushi biyu ta zauna tana jira, kuma sai da aka koma da ita baya aka sake gina abin a hankali. Ubangidanta bai yi mini faɗa ba, tambayata kawai ya yi ko haushi biyu zai ishe shi ya gane inda take idan tana bayan tudu iska tana kaɗawa. Tun daga ranar nake ƙirgawa a zuci, kuma kafin in tafi ɓuya nakan sa mai kare ya faɗa mini abin da yake so sau biyu, in maimaita masa da bakina.

Idan ka saba, za a fara ba ka hali ka kwaikwaya, kuma a nan ne aikin yake da daɗi. Ƙananan yara idan sun ɓace sukan shige rami ko ƙarƙashin kurmi, kuma sau da yawa ba sa amsawa ko ana kiran sunansu, saboda tsoron baƙi ko tsoron faɗa. Tsoho mai ciwon mantuwa yakan miƙe gaba ɗaya ba waiwaye har sai ƙaya ko rafi ya tsare shi, kuma shi ma ba lallai ya amsa kira ba. Don haka wata rana za a ce ka yi shiru kamar sumamme, wata rana ka yi ta tafiya kada ka kula kare, wata rana ka yi ihu ka kore shi, a ga ko zai tsaya a kan aikinsa.

Ɗan Kwazazzabo ya amsa:

Ina da ƙari a kan abin da Baba da Yaya suka faɗa, da kuma wuri ɗaya da nake ganin a yi wa mai tambaya gyara tun yanzu. Duk su biyun sun yi magana kamar lada a hannun mai ɓuya yake a kowane hali, alhali ya danganta da irin sanarwar da aka koya wa kare. Haushi a kan wanda aka samu ya fi dacewa da ɓaraguzan gini, inda mai kare ba zai iya bin karensa ba. A daji mai faɗi ƙungiyoyi da yawa sun fi son kare ya samu mutum, ya koma wurin ubangidansa a guje ya yi masa alama, ko ya daka masa tsalle a ƙirji ko ya kama wani guntun fata da ke rataye a wuyansa da baki, sannan ya ja shi zuwa wurin. Dabarar guntun fatar tsohuwa ce, ta samo asali tun karnukan da ke nemo sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918. Idan irin wannan kare ne ya same ka, zuwansa na farko ba ka motsi, ba ka kallonsa, ba ka yi masa magana. Sai ya dawo da ubangidansa sannan wasa ya tashi. Wanda ya ba shi ƙwallo a zuwan farko ya koya masa cewa komawa ba dole ba ce, kuma wannan ya fi kuskuren Yaya muni.

Abu na biyu shi ne riƙe sirri. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Jamus mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi, yana buga ƙofato daidai adadin amsa. A shekarar 1907 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana karanta ƙananan motsin jikin mai tambaya ne, kuma idan mai tambayar bai san amsa ba dokin ma ba ya sani. Kare ma ya iya karanta mutum ƙwarai. Idan mai kare ya san inda kake, kafaɗarsa za ta karkata can, tafiyarsa za ta ragu idan ya matso, kare kuma zai bi wannan ya bar hancinsa, shi mai karen bai ma san yana yi ba. Saboda haka a atisayen kare da ya yi nisa, wani ne daban yake ajiye ka, kuma ko mai karen abokinka ne ba ka ba shi ko alama. Wata rana ma ba za a ajiye kowa a yankin ba, domin iya cewa babu kowa a nan shi ma sakamako ne da masu nema suke dogara da shi su karkata ƙarfinsu wani wuri.

Ina kuma ba ka shawara ka yi amfani da zaman jiran ka koyi iska, domin babu wanda ya fi mai ɓuya samun lokacin lura da ita. Ka riƙe 'yar kwalbar hoda ka riƙa fesawa kana kallon inda take tafiya. Da rana, idan ƙasa ta yi zafi, iska takan hau tudu da warinka, da yamma kuma idan ta huce sai ta gangaro kwari kamar ruwa. Tsakar rana mai zafi da bushewa ita ce mafi wahala ga kare, sanyin safiya mai raɓa kuma ya fi masa sauƙi. Idan ka iya gaya wa mai kare cewa iska ta juya minti goma kafin isowarsu, kuma karen ya ɗaga kai a daidai wancan dutsen amma aka kira shi ya bar wurin, ka ba shi abin da ba zai samu a wurin kowa ba. Masu kare da yawa ba sa son jin wannan na ƙarshen, amma ka faɗa cikin ladabi.

Aikin nan yana da tarihi. Sufayen da ke mashigar Saint Bernard tsakanin Suwizaland da Italiya sun yi amfani da karnuka wajen nemo matafiya a dusar ƙanƙara, kuma shahararren karensu Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana danganta masa ceton mutum sama da 40. A Sukotland, wani mai hawan duwatsu mai suna Hamish MacInnes ya kafa ƙungiyar karnukan nema da ceto a 1965 bayan ya ga yadda ake horar da su a Suwizaland, kuma har yau ƙungiyoyin Birtaniya sun dogara ne da 'yan sa kai masu kwanciya a kan duwatsu cikin ruwa da iska.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Ni tawa gajeriya ce, kuma ta shafi lafiyar karen, domin sau da yawa mai ɓuya ne yake fara ganinsa bayan doguwar tafiya. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ko ɗan sama da haka kaɗan, kuma ba ya gumi ta fata yadda muke yi, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen da ke haki sosai ba ya iya shinshina yadda ya kamata, don haka zafi yana rage masa ƙwarewa tun kafin ya kai ga cutar da shi. Idan ya iso wurinka yana tangaɗi, ko yawu mai kauri yana zuba, ko dasashinsa ya yi ja wur, ka bar batun ƙirga haushi, ka kira mai shi a rediyo nan take, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa mai sanyi. Ka kuma lura ko yana ɗingishi, domin irin waɗannan karnuka sukan ci gaba da aiki da ƙaya a tafin ƙafa ba su nuna ba.

Kada ka ba shi komai daga jakarka sai abin da mai shi ya ba ka. Idan kuna ja-in-ja, ka ja gefe da gefe a ƙasa-ƙasa, kada ka ɗaga shi sama ko ka fizga da ƙarfi, musamman ɗan kwikwiyon da haƙoransa ba su gama sauyawa ba. Ka riƙe igiyar ta ƙarshenta, domin yawancin raunin da na gani a hannun masu ɓuya kuskuren kamu ne, kare ya nufi igiya ya haɗa da yatsa.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Yaya, da Malam, da Likita, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa abin da na ɗauka kwanciya ce kawai yana da ƙa'idoji fiye da yadda na zata. Saura tambayoyi biyu. Idan ina kwance na ji kare ya zo kusa ya wuce bai same ni ba, shin in yi tari ko in motsa domin in taimaka masa, ko in bar shi ya faɗi? Sannan ba a taɓa tambayata ta ƙarshe ba, wato ko wannan hanya tana kai mutum ga riƙe karensa. Na yi wa matar alkawarin zuwa ranar Asabar mai zuwa.

Dattijo Mai Usur ya sake amsawa:

Kada ka yi tari, ɗana, kada kuma ka motsa. Wanda ya suma a gindin dutse ba zai yi tari ba, kuma gara kare ya wuce ka a atisaye mu gane dalili da ya wuce wani a ranar gaske. Ka duba agogo, ka riƙe lokacin da ya wuce da ta wane gefe, da inda iska take kaɗawa. Idan mai kare ya ga ya kamata a sauƙaƙa masa, shi zai sake shigo da shi ta ƙasan iska, ko ya kira ka a rediyo ya ce ka yi kaza. Muna son kowane atisaye ya ƙare da kare ya samu wani ya yi wasansa, amma shirya hakan aikin mai shi ne. Gyaran da Ɗan Kwazazzabo ya yi mini kuma na karɓa, karnukana duka masu haushi ne shi ya sa na manta da ɗaya hanyar.

Game da riƙe kare, yawancin waɗanda na sani ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ƙungiyoyi da yawa ba sa yarda mutum ya kawo kare sai ya yi watanni yana ɓuya, sannan ya yi wasu yana bin bayan mai kare a matsayin mataimaki, yana riƙe taswira da kamfas da rediyo. Dole ka koyi taimakon gaggawa, ka iya gane inda kake cikin duhu, ka ci jarrabawar mai nema a ƙafa kafin a yi maganar kare. Jarrabawar karen kuma da ku biyu ake yi, kuma akan maimaita ta lokaci zuwa lokaci. Akwai ƙungiyar karnukan ceto ta duniya da aka kafa a 1993 mai hedikwata a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, wadda ke da ƙa'idojin jarrabawa na neman fili da bin sawu da ɓaraguzai da dusar ƙanƙara da ruwa, ƙasashe da yawa kuma suna da nasu. Masu fita ƙetare, kamar tawagogin da suka je Turkiyya bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023, suna da ƙarin sharuɗɗa masu tsauri, kuma a can ne karen sojojin Meziko mai suna Proteo ya mutu a bakin aiki.

Shawarata ita ce kada ka nemi ɗan kwikwiyo yanzu. Ka yi shekara guda kana kwanciya wa karnuka daban-daban, ka ga Labrador, ka ga Malinois na Beljiyam, ka ga karen makiyaya na Jamus, ka ga wanda halinsa ya dace da naka, ka kuma ga ko iyalinka za su jure kiran ƙarfe biyun dare. Ranar Asabar ka isa da wuri, ka gaya wa shugabar atisaye a fili cewa kana tsoron manyan karnuka, za ta fara haɗa ka da tsohon kare mai natsuwa a fili inda kowa yake ganinku. Kada ka fesa turare da safen, kuma ka tafi da safa ɗaya da ka kwana da ita a cikin leda mai tsabta, ko da mai bin sawu zai buƙace ka.